Ranar da Aka Kwantar da Yalwa

Da sunan Mai teku da abin da ke cikinta, Mai tudu da abin da ke kansa, wanda ya halicci masu hankali da masu ƙarfi, ya kuma halicci irina don kada su rasa abin kallo. Ni ne Barmo ɗan Jatau, mutumin Birnin Gwarzama da ke bakin Tekun Shuni. Karatuna ya tsaya ne daidai inda malam ya gaji. Na yi yawo, na ga abin mamaki, na sha duka da sandunan da ban san sunan itacensu ba, na kuma dawo da ƙafata. Ga yadda aka yi.

A Gwarzama jirgin ruwa uwa ce. Ba ma ce mata shi, sai ita, kuma kamar yadda ɗa ba ya ɗaga ido ya kalli tsiraicin mahaifiyarsa, haka ba mai kallon abin da ruwa ya rufe na jikin jirgi. Daga sama kuwa ado sai wanda ya gani, ga zane, ga madubai, ga tuntaye na jan zare. Wanda ya kuskura ya leƙa ƙasa, a kore shi daga gari, jirgin kuma a cinna mata wuta, don an riga an tozarta ta.

To garar ruwa ba ta san wannan al'ada ba. Wata 'yar tsutsa ce fara, mai haƙori kamar na zarto, tana shiga katako ta yi gida ta aurar da 'ya'ya, mu muna sama muna goge madubi. Gishiri kuma yana cin ƙusoshi. Ba a sanin an yi ɓarna sai ruwa ya taɓa idon sawun matuƙi. Sai a ja jirgin cikin rumfa a lulluɓe, masassaƙa su ɗaure idanunsu da rawani, su shiga da lalube. Tunda ba sa ganin mai kyau balle ruɓaɓɓe, sai su ɓamɓare ƙasan duka su sa sabo, rabin ƙusoshin a karkace, sauran a yatsunsu. Duk abin da jirgi ta samo a shekara, a rumfar nan yake ƙarewa.

Gwaggona Kuluwa, yayar mahaifina, ita ta goye ni bayan rasuwarsa, kuma ita ce mai jirgin da ake kira Yalwa, gadon ubansu. A kan gyaran Yalwa ta sayar da awakinta, ta sayar da tasoshinta, har gadon ƙarfen da take kwana a kai. Wata rana muna cin tuwo, wato ni ina ci ita tana kallona, ta ce ta gama shawara. In ruwa ya sake shiga, ba ta da abin kai wa rumfa. Za ta sa a ja Yalwa zuwa zurfi a nutsar da ita kamar yadda ake yi wa jirgin da ta tsufa, ita kuma ta koma tudu gidan surukinta ta zauna ana ba ta abinci ana ƙirga lomarta.

Da na ji ana maganar tashin tukunyar da nake ci, sai bakina ya riga hankalina. Na ce ai ni na san wata ƙasa inda jirgi ke binne mai ita, ta binne ɗansa, ba ta taɓa shan ruwa ba. A wurin na ƙirƙiro ƙasar, hannuna cikin miya. Na zaci za ta ce in rufe mata baki kamar kullum. Sai ta tashi ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli da dakuwa a tsumma, ta kai ni da kanta ta damƙa wa wasu fatake baƙi masu tashi da hantsi.

Ta ce, "Ka je ka zo da abin da suke yi, ɗan nan. In ƙarya ce ma, ka je ka nemo gaskiyarta."

Muka yi ta tafiya har ruwa ya bar shuni ya koma ja kamar an wanke lalle. Nan fataken suka sauke ni, wai don na ɗinke wa shugabansu ƙafar wando yana barcin rana. Wurin shi ne Tsibirin Jan Gemu. Jiragensu na ƙarfe ne tun daga kai har gindi, manya kamar duwatsu, gara in ta ciza sai ta koma gida da ciwon haƙori. Na ce alhamdu lillahi, ashe ƙaryata tana da gari. Sai da na matso na ga abin da ya rina tekun. Tsatsa ce. Duk mutanen tsibirin, sarki da talaka, aikinsu ɗaya, kankara. Su kankare gaba, kafin su kai baya gaban ya sake yin ja. Garin tsatsar ya rina musu gemu, har jariransu da jan gira ake haifarsu. Baƙo kuwa ba a tambayar sunansa, dutsen kankara ake miƙa masa.

Ni da ko tsintsiya ban taɓa riƙewa da niyya ba, na kankari ƙarfe har tafin hannuna ya yi kanta. Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai na riƙa tauna tsamiya da gishiri ina fesa wa duk inda na kankare. Kafin gari ya waye wurin ya fi ko'ina ja. Mai tsaronmu ya kai ƙara, aka kai ni gaban sarki. Na faɗi na yi gaisuwa, na ce ranka ya daɗe, ciwon gado ne, mu zuriyarmu guminmu cin ƙarfe yake yi, kakana ma ba a ba shi aron fartanya. Fada ta ɗauki salati, masu takobi suka ja da baya suna ɓoye takubbansu a hammata. Waziri ya ce a kashe ni, aka rasa da me. Sai sarki ya yi murmushi, ya ce ai wannan makami ne Allah ya aiko masa. Ya sa aka saka ni a komin itace da goran ruwa, aka tura ni wajen abokan gabarsa na Tsibirin Ɗaure-Fuska, in je in yi musu gumi a jirage.

Ruwa ya kai ni gaɓarsu ranar kasuwa, kuma abin da na fara gani ya sa na rufe ido da hannu biyu ina neman tsari. Jirage ne kwance a kan rairayi, an kifar da su ta gefe, cikinsu a waje, rana tsaka, mata da maza suna zagaye su. Na ce yau na faɗo garin da ba iyaye. Na daɗe a haka. Daga baya na ɗan buɗe tsakanin yatsu, don ni ban taɓa ganin abin da aka hana kallo na bar shi ya wuce ba. Cikin jirgin baƙi ne sumul yana ƙyalli kamar goshin angon da ya sha mai. Wata dattijuwa na bin sa da 'yar guduma, ta ƙwanƙwasa ta kasa kunne, ta matsa gaba. Inda ta ji sauti ya canza sai ta yi alama da alli, a kankare wurin kamar faɗin tafin hannu, a shafa wani abu mai zafi daga tukunya. Kafin a tashi kasuwa an mayar da jiragen ruwa.

Dattijuwar ita ce Magajiya Ladingo, shugabar masu gyaran jirage. Mutanen tsibirin ba sa dariya, ba don fushi ba, haka Allah ya yi su, ko ɗaurin aure suke yi sai ka ce zaman makoki. Na gaya mata aiken da aka yi mini don ta ji tsorona. Ta ce in yi ta gumina, su ba ƙarfe a jiragensu, da ƙusar ƙahon shanu suke haɗa katako, gishiri ba ya cin ta. Abin da suke shafawa kuwa ƙaro ne da ake dafawa da tokar bawon katantanwa, gara ba ta iya huda shi. Ta nuna mini wata jirgi ta ce kakanta ya sassaƙa ta. Ta ƙara da cewa baƙon da ba shi da amfani, a abin da ya zo ake mayar da shi teku.

Na tambayi inda ake samun ƙaron, aka kai ni kan tudu. Wata bishiya ce guda, gindinta ya fi ɗakin soro, kuma ƙaron hawayenta ne. Ba ta zubar da shi sai ta yi dariya. Ka ga jarrabawa, bishiya mai son dariya a garin da ba mai ba da ita. Dā suna da wani baƙo mai barkwanci, ya mutu, tun daga nan sai in akuya ta zame a kan dutse suke samun ɗan abin da ba ya cika ludayi. Na buga ƙirji na ce su kawo tuluna, sana'ata ce ta same ni.

Na ba bishiyar nan labaran da suka taɓa sa liman ya saki alwala. Na yi mata tafiyar raƙumi mai ciki, na yi kukan jaki da muryar mai unguwarmu. Ko ganye bai motsa ba. Mutane suna tsaye da tuluna suna kallona kamar masu jiran a fito da gawa, Magajiya kuma ta aika a duba ko komina yana nan. Na nemi wuri na zauna. Ashe gidan cinnaku ne. Na yi tsalle, mazagin wandona ya tsinke, na zura da gudu wando a idon sawu, na tafi da ka cikin wata babbar randa da aka ajiye don tarar ƙaro, ƙafafuna a sama suna sallama da jama'a. Daga cikin randar na ji ƙasa na girgiza. Bishiya ce ke ƙyaƙyatawa kamar aradu, hawaye na bin jikinta, mutane na guje-guje da tuluna.

Washegari na sake faɗawa randar da gangan, bishiya ta yi kamar ba ta gan ni ba. Ashe ba ta son wasa, sai abin ya same ka da gaske. Mutanen nan kuwa ba su iya dariya ba amma sun iya shiri. Kullum sai sun yi zama, fuska a ɗaure, sun tsara abin da zai same ni. Yau kujera mai ƙafa uku, gobe rago mai tunkuyi, jibi barkono a ruwan wanka. Kowane tulu na ƙaron nan akwai inda yake mini ciwo har yau in hadari ya haɗu.

Da rabona ya cika komi, sai Magajiya ta ce ba inda za ni, ai ni arzikin gari ne. Na ce to. Ranar da manyan gari suka hau tudu kallon abin da za a yi mini, na riga su zuwa na shimfiɗa buzun alƙali a kan gidan cinnakun nan. Mutum ne mai rawani kamar kwando, bai taɓa sauri ba tunda aka haife shi. Abin da bishiya ta zubar a ranar ya fi nawa duka, sai da aka tara har da kwanukan cin abinci. Na ce wa Magajiya ta gani, ni na saba da faɗuwa, faɗuwata ta kusa daina daɗi, amma garin nan cike yake da manya waɗanda ba su taɓa faɗuwa ba, arzikinsu na gida. Ta dubi alƙali, ta dubi sauran, sauran suka dubi ƙasa. Manyan da kansu suka ɗauki tulunana zuwa jirgin da za ta kai ni gida, kafin in faɗi wanda ke biye.

Wajen sallama Magajiya ta ba ni buhun ƙusar ƙaho da 'yar guduma. Ta ce, "Ƙaron rabin magani ne. Rabin kuma ido ne. In ba za ku duba ba, ka bar mana abinmu."

Na iso Gwarzama aka tarbe ni da kalangu, ni da dā in na doso ake ɗauke tabarma. Na tsaya a kwata na yi bayani tiryan-tiryan. Da na zo kan maganar kifar da jirgi, sai tsofaffi suka kama tari, wani ya ce a kawo wa baƙo ruwa, zafin hanya ne. Gwaggo ta yanka mini zakaran da ya rage mata. Na ci, zazzaɓin hanya ya kwantar da ni, na yi kwanaki ban san inda nake ba.

Ranar da na miƙe na lallaɓa kwata, sai na hango wani abu yana ɗaukar ido. Yalwa ce. An shafe ta da ƙaro tun daga ƙololuwa har daidai inda ruwa ya fara, ko yatsa ɗaya ba a zarce ba. Ƙusoshin ƙahon kuma an jera su a goshinta kamar haƙoran amarya. Masassaƙa suna tsaye suna karɓar barka. Babbansu ya ce mini ai abu mai daraja irin wannan ba a kai shi inda ba mai gani, kuma wa zai taɓa tafasasshen ƙaro da ido a ɗaure? Gwaggo na tsaye a gefe. Na lura bakin zanenta a jiƙe yake. Daga cikin jirgin ta fito, ruwa ya fara shiga.

Ban iya tunani mai tsawo ba, amma gajere ina da shi. Na jira sai da Sarkin Kwata Mantau ya zauna da dattawansa a rumfar da ke fuskantar jirage. Na wuce su ba gaisuwa, na je na dafa Yalwa, na ɗaga murya.

Na ce, "Tsohuwa, an sha kwalliya. Duk wannan jan baki don wa? Sama amarya, ƙasa ko oho. Yau dai sai na ga abin da kike ɓoyewa, matata ta kaina."

Kafin in rufe baki an riƙe ni ta wuya an kai gaban Sarkin Kwata. Ya tambaye ni ko a yawon nawa na sayar da hankalina ne, da zan yi wa uwa irin wannan magana. Na ce Allah ya ja zamaninka, uwar wa? A tambayi Gwaggo me take ce wa Yalwa. Gwaggo ta ce uwa, haka ma marigayi ƙanenta. Na ce to uwar uba me take ga mutum? A garin nan wane jika ne ba ya tsokanar kakarsa, ya ja mata zane, ya ce ta tsufa ya sake ta? Wace kaka ce in ta kwanta ciwo ba jikanta ke duba mata baya ba?

Wani dattijo ya ce wannan wayon banza ne, kowane namiji a Gwarzama ɗan jirgi ne tun ranar da ya fara aiki a cikinta aka zuba masa tuwo daga tukunyarta. Na ce madalla, to a tashi mutum ɗaya da ya taɓa ganina ina aiki a jirgi, ko na Gwaggo ko na wani.

Ban taɓa ganin shaida ta haɗu irin ta ranar ba. Gari duka ya goyi bayana. Wannan ya rantse ko igiya ban taɓa ɗagawa ba, wancan ya ce ya taɓa roƙona in riƙe masa bokiti na ce ina azumi, alhali ina tauna rake. Gwaggo da aka tambaye ta, ta ce tsakaninta da Allah tunda ta yaye ni ba ta ga na yi abin da za a kira aiki ba. Na tsaya ina gyaɗa kai ina godiya.

Sarkin Kwata ya daɗe yana shafa gemu. Shi kansa jikokinsa sun ɓoye masa takalmi da safen nan, da ƙafa ɗaya ya zo. Ya yanke cewa jika na iya duba kakarsa, amma shi kaɗai, kowa ya juya baya. Kuma daga ranar ba ni ba hawa Yalwa, ba ni ba tukunyarta, don loma ɗaya za ta mayar da ni ɗa, a kore ni a ƙone ta.

Da ruwa ya ja baya aka ɗaura igiyoyi. Mazan Gwarzama kaf suka juya wa teku ƙeya, igiya a kafaɗa, suna ja suna kallon gari, ni ina ba da umarni, abin da ban taɓa samu ba kuma na ɗan tsawaita shi. Yalwa ta yi ƙara ta kwanta a kan rairayi. Na zagaya na duba.

Wasan ya fita daga raina. Cikinta kamar saƙar zuma, gansakuka da katantanwa sun yi mata gemu, wani wurin in na danna da yatsa sai ya shige. Shekara da shekaru tana ɗauke da mu a haka. Na bi ta da guduma kamar yadda na ga ana yi, ina ƙwanƙwasawa ina saurare. Sai na ji muryar Gwaggo kusa. Ta matso da baya da baya har ta kusa taka ni, fuskarta na kallon gari.

Ta ce a hankali, "Barmo, yaya take?"

Na ce, "Ta sha wuya, Gwaggo. Amma ƙashin bayanta lafiya lau, da haƙarƙarin. Katako kaɗan ne suka mutu. Za ta tashi."

Na ga kafaɗunta na rawa. Sannan ta ce to me nake jira.

Ni kaɗai na kankare ƙaron da aka ɓata a sama, na sake narka shi. Masassaƙa suna miƙo mini katako ta bayansu, ina zare ƙusoshin ƙarfe ina buga na ƙaho, ina shafawa, ƙaro na ɗiga mini a ƙeya. Na yi kuka, na yi zagi, ba wanda ya juyo, don ba halin juyowa. Tun daga lokacin, duk ranar kasuwa sai an kwantar da ita na bi ta da guduma. Masu sauran jirage kuma, da suka ga damina ta wuce Yalwa ba ta shiga rumfa ba, sai ga su ɗaya bayan ɗaya da goro, kowa ya tuno ashe uwarsa, wato jirginsa, da kakata 'yan ɗaki ɗaya ne.

Yalwa ta yi tafiyarta mafi nisa ta dawo da kaya har wuya, matuƙi ya sauko yana nuna wa mutane ƙafarsa a bushe. Aka yanka rago a cikinta, aka ɗora tukunya, kowane ɗan jirgi ya hau. Ni ina zaune a kan rairayi, ƙamshi na sauko mini, ina jin ana kiran sunana ana sa mini albarka da baki cike. Can sai ga Gwaggo ta sauko, ta bar bikin jirginta, da kwano a lulluɓe daga murhun gida. Ta ajiye a gabana ta zauna. Na buɗe, tuwo ne da miyar kuka, ba ko ƙashi.

Na ce, "Gwaggo, su rago, ni kuka?"

Ta ce, "Ci ka tashi, jikan tsohuwa. Gobe kasuwa."

Ta sa hannu muka ci tare.